Kafintan da Kaji Suka Ƙi Aikinsa

Mijina kafinta ne. In ka shigo layinmu ka tambayi gidan kafinta, za a ce maka wanne daga ciki, amma ka ce gidan Gwada-Mu-Gani, ko akuyar bakin titi sai ta nuna maka ƙofarmu. Ba a banza ya samu sunan ba. Yana da wata ɗabi'a da ta hana shi sakat, ta hana ni ma: a wurinsa aiki bai ƙare ba sai mai shi ya yi amfani da shi a gaban idonsa. Ba wai ka duba ka ce ya yi kyau ka wuce ba. In kujera ce sai ka zauna, ka jingina, ka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. In gado ne sai ka kwanta, ka juya dama, ka juya hagu, shi kuwa yana tsaye a kanka da fensir a bayan kunne yana karanta fuskarka.

Akwai wani direban babbar mota da ya yi wa gado. Mutumin ya dawo daga doguwar tafiya, ya kwanta don ya gwada, barci ya kwashe shi. Ka san abin da mijina ya yi? Ya ja kujera ya zauna a ɗakin mutane yana jira ya farka ya faɗa masa yadda ya ji. Matar direban ta yi tari, ta buga kwanuka, ta share ƙarƙashin ƙafarsa, bai motsa ba. Wata mai ciki kuma ta sa ya yi mata gadon jariri. Tun daga ranar da ya kai gadon, kullum sai ya biya ta ƙofar gidan ya yi sallama ya tambayi mijinta, "Mai gadon ya iso?" Har bawan Allahn nan ya fara yi masa wani irin kallo. Mahaucin unguwarmu, mai jiki masha Allah, da aka yi masa ƙofa sai da ya shiga ya fita ta gaba, ya shiga ya fita ta gefe, sannan ya ɗauki tire a kai ya wuce da gudu, mutane na tsaye suna kallo.

Mutane sun yi ta dariya, amma sun ci gaba da kawo aiki, don hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Katako in ya bi ta hannunsa, ya sha samfefa, ya sha man ƙyalli, sai ka ga fuskarka a jiki. Alfaharinsa guda ɗaya ne a duniya, kuma na ji shi har na haddace: tunda ya fara riƙe guduma ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Da wannan maganar muka aurar da yara, da ita gashinmu ya yi fari.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko ya ɓoye. Ya ce tef ɗin awo ne ya tsufa, lambobinsa suka goge. Aka sayo sabo, ya ce masu yin tef na yanzu ba sa tsoron Allah, rubutunsu ƙanana. Ana cikin haka mai shayin bakin tasha ya ba shi aikin teburi. Ranar gwaji mai shayin ya ɗora kofi, ya ga kofin yana tafiya a hankali, amma kunyar tsoho ta sa ya dafe shi da hannu ya ce ya yi. Kwana kaɗan masu shan shayi suka gaji da bin kofunansu. Aka ɗoro teburin a baro da rana tsaka, ƙafafunsa a sama, aka bi da shi ta tsakiyar layi har ƙofar shago.

Babban ɗanmu, wanda shi ya koya wa sana'ar kuma shi ke riƙe da shagon yanzu, ya gyara teburin cikin ɗan lokaci. Sannan ya durƙusa a gaban ubansa ya ce, "Baba, ka yi mai wuyar. Ka huta haka, ka bar mana."

Mijina ya miƙe. Ya tattara kayan aikinsa a akwati, ya ɗauko a kafaɗa ya shigo gida. Ya dire akwatin a tsakar gida ya ce da ni, "Maman yara, zan ajiye guduma, na san lokaci ya yi. Amma ba a kan teburin nan ba. Sai na yi aiki guda ɗaya, mai shi ya gwada ya karɓa. Ranar yaron nan ya zo ya ɗauki akwatin."

To wa zai kawo aikin? Labarin teburi ya riga ya zaga gari. Ya zauna a kan benci yana sauraron sallama, duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai ya gyara fensir, ashe mai neman aron tsani ne ko mai sayar da gawayi. Mutumin da bai taɓa zama ba, ya koma bin inuwa da benci daga wannan bango zuwa wancan. Abin ya dame ni ƙwarai.

Ni kuwa ina da kajina a bayan gida. Ba su da ɗaki, ba su taɓa nema ba. Wasu na kwana a reshen gwaiba, wasu a kan katanga. Akwai zakara da muke kira Ciyaman, saboda ba ya aikin komai sai zagayawa da ɗaga murya. Akwai kuma tsohuwar kaza da yara suka sa wa Gwaggo, don tafiyarta da hararta sak na yayar mahaifina. Wata safiya muzuru ya ɗauke mini ɗan tsako, raina ya ɓaci, na ce da ƙarfi, "Da kajin nan na da akurki ai da ba haka ba." Ina rufe baki na ji ƙarar buɗe akwati a bayana.

"Su nawa ne masu aikin?" in ji shi.

Na ce, "Wane masu aiki, Malam? Ni ce mai aiki. Ka haɗa katako huɗu da raga, shi ke nan."

Ya ce, "Ke za ki kwana a ciki?"

Na ce a'a.

"To ba ke ce mai aiki ba."

Innalillahi! Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Tsoho da jikoki yana bin zakara da tef a tsakar gida yana cewa, "Tsaya mana, ranka ya daɗe, faɗin kafaɗa kawai zan ɗauka." Ciyaman ya haye katanga yana zage-zage. Gwaggo ce kaɗai ta tsaya aka auna ta, ba don ladabi ba, don ba ta ga wanda ya isa ya sa ta gudu ba. Ya auna tsayinta a tsaye, ya auna a tsugune, ya tambaye ta ko ta fi son ƙofa ta kalli gabas. Ta harare shi da ido ɗaya, ya ce ya fahimta.

Akurkin farko, wallahi, ya fi kabad ɗin da na zo da shi gidan kyau. Abin da ido ya kasa, yatsu suka yi. Ya goge kowane katako har ba inda hannu zai tsaya, ya shafa man ƙyalli, ya sake gogewa. Sandar da kaji za su hau su kwana, ita ya fi ba wa lokaci, ta fito sumul kamar an lashe. Har wata sandar ya kafa a waje, wai ta shan iska. Da yamma ya buɗe ƙofa, ya ja benci gefe, ya naɗe hannu ya ce, "Bismillah, a gwada."

Kaji suka taru nesa suna shawara. Can wata budurwar kaza mai rawar kai ta yi tsalle ta dira a kan sandar waje. Ƙafarta na taɓawa ta zame, ta tafi suuu daga wannan ƙarshe har wancan, fukafukai a buɗe, ta faɗa cikin bokitin wanki. Ta fito tana kyarkyara, ta ba sauran labari. Magariba na yi kowa ya haye gwaiba.

Na ce, "Malam, santsi ya yi yawa. Kaza ba ta son abu mai sheƙi, kuma duhu take so."

Ya ce, "Shekara nawa kika yi kina kafinta?"

Na ja bakina na shiga kicin.

A ganinsa ba santsi ne matsalar ba, ƙarancin aiki ne. Mai aiki in ya yi shiru bai karɓa ba, to akwai abin da yake so yana jin nauyin faɗa. Sai ya ƙara taga. Ba su shiga ba. Ya ce wataƙila masu son sama ne, tunda a bishiya suke kwana, sai ya ɗora bene, ya yi matakala da abin dafawa. Abin dafawa, jama'a, ga halittar da ba ta da hannu! Ba su shiga ba. Ya fitar da baranda. Ya raba ɗakin Ciyaman daban, wai shugaba ba ya kwana cikin jama'a.

Katakonsa ya ƙare, ɗanmu kuma ya hana a ba shi daga shago ko zai haƙura. Bai haƙura ba, ya juyo kan gida. Na dawo daga kasuwa na tarar kicin ba ƙofa. Bayan kwana biyu bencin da yake zama a kai ya shige cikin bene. Wata rana na zauna a bakin gado na ji na lume har ƙasa, ashe allunan ƙarƙashin katifa sun zama baranda. Ƙofar kabad ɗina mai madubi ita ma ta tafi, ya kafa ta a barandar don masu aiki su riƙa duba kansu. Ciyaman ya zo wucewa ya ga wani zakara mara kunya yana kallonsa ido cikin ido. Aka kwashe rabin yini ana dambe. Ya koma gwaiba da jini a tukku, kuma daga ranar ko gefen akurkin ba ya bi.

Maƙwabcinmu tela ne, bakinsa ba ya shiru. Ya leƙo ta katanga ya ce, "Gwada-Mu-Gani, ai saura labule. Wace mace ce za ta tare a gida ba labule?" Da wasa ya faɗa. Mijina ya ce, "Ka ga mai hankali. Zo ka auna." Haka tela ya shigo da tef a wuya, ya durƙusa yana auna tagogin kaji, yana dariya har da hawaye, kuma ya ɗinka ɗin, masu furanni.

Labari ya bazu. Mutane suka fara sallama don su ga gidan kaji mai bene. Wani saurayi mai gyaran waya ya zagaya shi, ya leƙa ciki, ya ja ni gefe ya tambaya da gaske ko za a ba da hayar ƙasan. Amma wanda ya fara tarewa shi ne muzurun da aka yi ginin dominsa. Muka wayi gari muka gan shi a miƙe a barandar sama, ya ɗora haɓa a kan abin dafawa yana kallon gari. Na ce, "To alhamdulillahi, Malam, ga wanda ya gwada ya karɓa, a kira yaro ya ɗauki akwati." Ya tsaya yana nazari, har na fara sa rai. Sai ya girgiza kai ya ce, "Ba shi na auna ba."

Ɗanmu ya gaji. Wata yamma ya faki ubansa ya shiga wanka, ya kama kajin ɗaya bayan ɗaya ya cusa su ciki ya rufe ƙofa. Ya tsaya yana haki yana kira, "Baba, fito ka gani, sun shiga!" Baban ya fito da tawul a wuya. Ido ba ya gani sosai, amma kunne lafiya lau. Kaji na ihu a ciki, suna zamewa, suna karo da bango, labule ya naɗe wata. Ya ce, "Buɗe musu." Aka buɗe, suka fito a guje kamar an tashi makaranta. Ya dubi inda ɗansa yake ya ce, "Ni na koya maka tura mutum kan kujera?" Yaron, da gemunsa da 'ya'yansa, ya sunkuyar da kai.

Tela shi ma ya gwada tasa dabarar. Ya zuba tsaba a ɓoye, siririn layi daga gindin gwaiba har cikin ɗakin ƙasa. Da ta yi aiki, sai dai mijina ba ya sa takalmi a gida. Ya taka, ya tsaya, ya murza da tafin ƙafa, ya bi layin nan da ƙafa har bakin ƙofar akurki. Ranar unguwa ta ji muryarsa. Ya ce cin hanci ne, a gidansa, da ransa. Ya sa na share tsabar tas, ya bi da tafin hannu ya tabbatar. Daga nan ya daina yarda da bakin kowa a kan maganar kaji, har da nawa, ni da ban tura ba ban zuba ba.

Dariyar ta fara fita daga raina a lokacin. Idon ya ƙara rufewa. Yana sa ƙusa ya kai mata guduma ya samu yatsa, bai fasa ba. Duk yatsunsa suka zama ƙulle-ƙullen tsumma. Ina jin ƙarar zarto sai in bar abin da nake yi in tsaya a bayansa. Abinci ya rage ci. Da yamma ya daina cewa a gwada, sai dai ya zauna a kan akwatinsa, tunda benci ya tafi, ya karkata kai yana sauraron fukafukai suna hawa gwaiba ɗaya bayan ɗaya. Wata rana bayan ta ƙarshe ta hau, ya ce a hankali, "Maman yara, ko dai teburin nan gaskiya ya faɗa?" Tsoro ya kama ni, tsoron kada mutumin nan ya ƙare kwanansa yana ganin hannunsa ya mutu tun kafin shi.

Garin katako ya taru a tsakar gida, iska na kwasa tana zuba mini a tukunya, na yi ta mita. Don in yi shiru ya tattaro guntayen da suka rage ya haɗa wani akwati da za a riƙa zuba shi a ciki. Bai auna ba, bai goge ba, don ba shi da sauran ƙarfin zuciyar yin haka. Akwatin ya fito a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ƙusoshi a lanƙwashe, jikinsa kaca-kaca. Ya shafa shi ya ji kunya. Ya cika shi da garin katakon, ya tura shi can ƙarƙashin matakalar akurki, lungun da haske ba ya kaiwa, ya ce kada in bari baƙo ya gani.

Bayan 'yan kwanaki Gwaggo ta ɓace. Na duba gwaiba, na duba bayan randa, na leƙa gidan tela. Na gama tsine wa muzuru da danginsa. Da hantsi ina shara kusa da akurki sai na ji wani gurnani ƙasa-ƙasa. Na durƙusa na leƙa. Ga ido ɗaya yana hararata daga cikin duhu. Gwaggo ce, ta baje a cikin akwatin garin katako, ta kumbura ta cika shi, tana kwanci. Ashe ta daɗe tana satar hanya tana zuba ƙwai a wurin.

Na yar da tsintsiya na yi ɗaki da gudu. "Malam! Malam, ta shiga! Gwaggo ta shiga da ƙafarta!"

Ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Ke ma?"

Na rantse. Ya ce ɗansa ma ya rantse. Na ce to tashi ka gani, sai na tuna da idonsa, na ciji harshena. Ya jima a zaune. Sannan ya miƙe, ya dafa bango ya fita. Na kama hannunsa, ya zame. Da ya isa bakin akurki ya durƙusa, ya shafa ƙasa ko akwai tsaba, ya shafa ƙofa ko an rufe ta. Sannan ya kwanta rub da ciki, tsoho da shi, ya zura kai da kafaɗa ɗaya ta ƙofar kaji, ya miƙa hannu cikin duhu yana lalube.

Gwaggo ba ta yi wata-wata ba. Ta kai masa sara a bayan hannu, ta ƙara, ta kama fatar ta murɗa. Na ji ƙarar daga inda nake tsaye. Na ce, "Fito da hannunka mana!" Bai fito da shi ba. Sai na ga bayansa yana girgiza, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce, ko kuma duka biyun.

Muryarsa ta fito daga cikin akurki: "Ta kore ni, Maman yara. Ta ce ɗakinta ne."

Ya ja jiki ya fito, garin katako a gemu, jini na bin yatsunsa. Ya zauna a ƙasa ya jingina da matakala. Can ya ce, "Amma a ina take zaune? Na ji katako mai kaushi."

Na ce, "A akwatin nan naka na garin katako."

"Wannan mummunan?"

"Shi."

Ya ɗaga fuska wajen benen da baranda da labulen da ba ya iya gani, ya sauke. Na zaci zai ce ba ya cikin lissafi, na fara shirya faɗan da zan yi. Sai ya ce, "Ni na yi shi dai, ko?"

Na ce, "Kai ka yi shi."

"To aika a kira yaron nan ya zo da baro. Akwatin kayan aikin na da nauyi."

Na shiga ɗaki na ɗebo ruwan ɗumi da auduga da magani. Na durƙusa a gabansa na ce ya kawo hannun. Ya ɓoye shi a bayansa kamar ƙaramin yaro. Na ce, "Haba Malam, jini fa yake yi."

Ya ce, "Na sani. Ki bar shi ya ɗan jima tukuna."